Gora, Gilashi ko Kabon: Da Me Ake Ƙera Sandar Fatsar Ƙuda?

Me ya raba fatsar ƙuda da fatsar da muka saba gani?

Fatsar bakin kogi kowa ya san ta: sanda, zare, ƙugiya da tana, sai ɗan abu mai nauyi da zai ja ƙugiyar. A fatsar ƙuda, wadda ta yi ƙarfi a Birtaniya da Amurka, ba a sa tana. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro. Wannan ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, shi ya sa aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Mai fatsa yana kaɗa igiyar gaba da baya a sama, sandar ta lanƙwasa, ta miƙe, ta harba igiyar kan ruwa. Saboda haka duk gardamar kayan ƙira a kan abu biyu take: yadda sanda ke lanƙwasa da yadda take dawowa.

Sandar gora, ba gora ce kawai aka saro aka ɗaura wa zare ba?

Ko kusa. Gorar da maƙera suka yarda da ita, wadda ake kira Tonkin, daga lardin Guangdong na ƙasar Sin ake kawo ta, musamman yankin kogin Sui. Abin da ya fifita ta shi ne zaruruwa masu ƙarfi da suka taru a ƙarƙashin ɓawonta. Maƙeri zai tsaga gorar a tsaye, ya gasa ta don danshi ya fita, ya daddanne gaɓoɓin su kwanta. Daga nan ya ɗora kowace tsaga a kan ma'aunin ƙarfe yana ferewa a hankali, har ta zama mai kusurwa uku, kauri a gindi, tana sirancewa zuwa kai. Wajen kan sandar, tsaga ɗaya ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Guda shida ake haɗawa da gam a naɗe su da zare su bushe. In ka juya sandar a tsakanin yatsunka za ka ji gefe shida, ba a mulmule take ba.

Ana danganta farkon wannan aiki ga Samuel Phillippe, wani maƙerin bindiga a garin Easton na jihar Pennsylvania, a shekarun 1840, sai Hiram Leonard ya yaɗa mai tsaga shida a shekarun 1870. Kafin nan da katako ake yi, irin su greenheart na ƙasar Guyana, mai nauyin gaske.

Gora ta fi sauran nauyi, tana da tsada, kuma tana son kulawa: in aka ajiye ta da laima ko aka jingine ta a karkace, sai ta ɗauki lanƙwasa ta zauna a haka. Amma a ƙaramin rafi, inda ake son ƙwaro ya sauka a ruwa ba tare da ya firgita kifi ba, ban ga abin da ya kai ta taushin hannu ba.

Yaushe zaren gilashi ya shigo?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Shakespeare ya fitar da sandarsa ta gilashi, wato ta siraran zaruruwan gilashi da aka haɗe da danƙo, a 1947, sannan a 1950 Amurka ta sa wa Sin takunkumin ciniki, gorar Tonkin ta yi wuyar samu. Gilashi ya zo da arha da juriya. Sandar za ta bugi dutse, ta faɗi a kwalekwale, ta tashi lafiya. Tana lanƙwasa sosai har kusa da mariƙi, wanda ke hana siririn zare tsinkewa idan kifi ya fizga. Matsalarta tsawo: da ta wuce ƙafa 8 sai nauyi ya fara damun hannu.

Me ya sa kabon ya mamaye kasuwa?

Tun da kamfanin Fenwick ya kawo sandar kabon, wato ta siraran zaruruwan sinadarin da ke cikin gawayi, a 1973, sauran suka koma baya. Zaren kabon ya fi gilashi tauri, ga rashin nauyi, don haka ana iya yin sanda mai ƙafa 9 ko 10 da mutum zai wuni yana jifa da ita kafaɗarsa ba ta gaji ba. Tana dawowa da sauri, tana keta iska, tana kai igiya nesa. Sai dai tana da gautsi. Ƙaramin ƙwarzane da ƙugiya ta yi mata yau, shi ne wurin da za ta karye gobe. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci: kabon yana ɗaukar lantarki. In hadari ya taso da walƙiya, ko akwai wayar wuta a sama, a kwantar da sandar a ƙasa.

Yaya ake ƙera na gilashi da na kabon?

Hanya ɗaya ce. Zaren yana zuwa kamar ƙyalle da aka jiƙa da danƙo. A yanka shi bisa zane, a naɗe a jikin wani siririn ƙarfe mai tsini, a matse da tef, a gasa a tanda. In ya huce a zare ƙarfen, sai a bar bututu mai rami a ciki. Wani zaren ana kwantar da shi a tsaye don ƙarfin jifa, wani a kewaye don kada bututun ya lotse idan ya lanƙwasa. Sannan a ɗaura zobban da igiya ke bi, a sa mariƙi na ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, wanda akasari daga Fotugal yake zuwa. Yawancin na yanzu gida huɗu ne, ana zura wannan cikin wancan.

To wanne ya fi?

A ganina tambayar ta karkace. Masu talla suna yawan ambaton taurin zaren kabon da lambobi, amma abin da ke ba sanda halinta shi ne yadda aka raba kaurinta daga gindi zuwa kai. Maƙeri mai hannu zai yi sandar kabon mai laushi, zai kuma yi ta gora mai kuzari. Wanda zai fara koyo ya nemi ta kabon mai matsakaiciyar lanƙwasa, ƙafa 9, lamba 5 a ma'aunin nauyin igiya. Mai taurin gaske ba ta bari sabon hannu ya ji lokacin da igiya ta miƙe a bayansa, alhali wannan jin shi ne tushen koyon jifa.

Lambar da ke jikin sanda fa?

Nauyin igiyar da ta dace da ita take nunawa. A ƙa'idar da aka tsayar a Amurka a 1961, ƙafa 30 na farkon igiya ake aunawa, kuma lamba 5 tana kai kimanin giram 9. Ƙananan lambobi na ƙananan kifaye ne. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, masu fatsar ƙuda na zuwa neman tsage da giwan ruwa. Giwan ruwa da dare ake nemansa, da babban ƙwaro da sanda mai lamba 12, kuma a irin wannan aiki kabon ake ɗauka, domin gorar da za ta iya riƙe kifin nauyinta zai gajiyar da hannu tun dare bai yi nisa ba.