Ingancin sautin kundin Harvest na Neil Young a faifan garmaho

Harvest kundin waƙoƙi ne na mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, wanda kamfanin Reprise ya fitar a watan Fabrairun 1972 a kan faifan garmaho mai faɗin inci 12. Salonsa ya haɗa waƙar gargajiyar karkarar Amurka da kiɗan rock, kuma wasu masu tara faifai kan sa shi domin gwada kyawun na'urorinsu.

Sautin kundin ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, saboda a wurare huɗu aka ɗauke shi a shekarar 1971. Waƙoƙin da suka fi taushi, irin su "Heart of Gold" da "Old Man", an ɗauke su ne a situdiyon Quadrafonic da ke Nashville tare da furodusa Elliot Mazer, inda makaɗin ganga Kenny Buttrey ya taƙaita bugun ganga sosai, har mai sauraro kan ji kowane bugu da nauyinsa, ya kuma ji gogar yatsu a kan tsirkiyar jita. Waɗanda aka yi da jitar lantarki, kamar "Alabama", an ɗauke su a wani babban ɗakin katako a gonar Young da ke Kalifoniya. A can sautin kowane kayan kiɗa yana kutsawa cikin makirufon ɗan'uwansa, abin da ya ba su kaushi da faɗi. Biyu kuma an yi su a Landan da ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra, ɗaya kuma a gaban 'yan kallo a jami'ar UCLA da ke Los Angeles.

Shi kansa faifan yana da iyakarsa. Yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, amma yayin da allura ke matsowa tsakiya, tsawon tsagin da take bi a kowace daƙiƙa yana raguwa zuwa ƙasa da rabi, sai siraran sautuka su fara dusashewa. Ba a yi sa'a ba, domin "Words", wadda ta fi tsawo kuma take cike da amon lantarki, ita ce ta ƙarshe a fuska ta biyu, don haka allurar da ta cinye ko ba ta zauna daidai ba takan tona kanta a nan.

A 2009 an sake buga kundin daga tef ɗin asali a kan faifai mai nauyin giram 180, sai dai har yanzu wasu masu tarawa sun fi son bugun farko na 1972 idan bai ƙarje ba.