"Aksan": ba Amurkawa ne suka ɓata Turanci ba

Kwanan nan kalmar "aksan" ta cika gari. Makarantun kuɗi na talla a rediyo cewa za su koya wa ɗanka "aksan ɗin Birtaniya". A TikTok ana auna 'yan siyasa da ita, a ce wane yana da aksan, wane kuwa babu. Har ma za ka ji mai gabatar da shiri yana yabon baƙonsa da cewa Turancinsa tatacce ne, "ba aksan ko kaɗan".

Ma'anar ba ta da wuya. Lafazi ake nufi, wato yadda mutum ke furta sautuka da yadda muryarsa ke hawa da sauka. Ba a maganar kalmomin da ya zaɓa ko nahawunsa, in an haɗa da waɗannan an shiga batun karin harshe ke nan. Saboda haka duk wanda ya buɗe baki yana da aksan, har Sarki Charles.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunanin da ke ƙarƙashin wannan yayi, cewa akwai wani lafazi na asali a Ingila, mai tsarki, wanda Amurkawa suka ɗauka suka dama shi yadda suka ga dama. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma tarihin bai ɓuya ba.

Lafazin da muke kira Turancin Sarauniya, masana na kiransa RP (Received Pronunciation), wato karɓaɓɓen lafazi. Ba na wani gari ba ne, na aji ne. A makarantun kwana na 'ya'yan masu hali irin su Eton da Harrow ya kafu cikin ƙarni na 19, sannan BBC ta ɗauke shi ta baza bayan kafa ta a 1922. A 1926 har kwamiti ta naɗa na tsara wa masu karanta labarai yadda za su furta kalmomi. Masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta a shekarun 1970 cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na mutanen Birtaniya ke magana da shi. Mutumin Liverpool da na Newcastle da na Glasgow kowa da nasa, kuma wanda ya koyi Turanci a aji zai iya tsayawa gabansu ya kasa tsintar ko rabin abin da suke faɗa.

Amma a kan harafin r ne maganar ta fi daɗi. Ba'amurke in zai ce car ko hard, sai ya naɗe harshe ya fito da r ɗin ƙarara. Mutumin Landan kuwa ya haɗiye shi, ya ja wasalin, ka ji kamar "kaa" da "haad". Da yawa a cikinmu sun ɗauka Amurkawa ne suka ƙirƙiro wannan r don burga. Alhali Turawan Ingila da suka fara zama a Amurka, waɗanda suka sauka Jamestown a 1607 da waɗanda suka sauka Plymouth a 1620, da r ɗinsu suka bar Ingila, domin a lokacin haka ake magana a can. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne haɗiye r ya zama abin ƙwalisa a tsakanin manyan Landan, daga nan ya bazu. Wato a wannan gaɓar Ingila ce ta sauya, Amurka ta riƙe tsohon. Kuma ba duk Birtaniya ce ta bi ba: Scotland na furta r har gobe, haka yankin Bristol da Devon a kudu maso yammacin Ingila, haka maƙwabciyarsu Ireland. A ɗaya ɓangaren kuma, biranen Amurka na bakin teku da suka daɗe suna hulɗa da Landan, irin su Boston da New York, su ma sun yar da r ɗin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya a Amurka, furta r ya zama shi ne alamar wayewa. A 1962 masanin harshe William Labov ya shiga manyan kantuna uku a New York: Saks na masu kuɗi, Macy's na matsakaita, da S. Klein na talakawa. Sai ya tambayi ma'aikaci ina ake sayar da wani kaya da ya riga ya san yana hawa na huɗu, don a amsa masa da fourth floor, kalmomi biyu masu r. In an amsa, ya yi kamar bai ji ba, a maimaita masa a tsanake, sannan ya koma gefe ya rubuta abin da ya ji. Mutum 264 ya yi wa haka. Ma'aikatan Saks ne suka fi furta r, na Klein suka fi haɗiye shi, na Macy's kuwa da yawansu sai a maimaici suke lalubo shi. Ka ga sauti ɗaya ne, rashinsa a Landan daraja, a New York kuma ƙasƙanci. To ina tsarkin yake?

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Basakkwace na cewa "zamna" da "amre", Bakano na cewa "zauna" da "aure", kuma masana sun nuna na Sakkwato ne tsohon furuci. Kananci ya zama ma'auni ne don shi aka fi ɗauka a rubutu da rediyo, ba don ya fi asali ba.

Ita kanta Sarauniya Elizabeth ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A shekarar 2000 masanin lafazi Jonathan Harrington da abokan aikinsa suka kwatanta jawabanta na Kirsimeti na shekarun 1950 da na 1980, suka tarar wasulanta sun gusa zuwa na sauran mutanen kudancin Ingila.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga an tsare yaro ɗan firamare ana tilasta masa ya maƙale murya, iyayensa na biyan kuɗi na musamman a kan haka. Akwai gyaran lafazin da ke da amfani, ban musa ba. Bahaushe kan haɗa p da f, sai pan da fan su zama ɗaya a bakinsa, haka b da v, sai vote ya fito kamar boat. Wannan kan sa a kasa fahimtar mutum, kuma malami mai haƙuri zai iya gyara shi da atisaye a aji. Amma ko yaron ya furta r ɗin car ko ya haɗiye shi, daga Landan har New York babu wanda zai kasa gane mota yake nufi.