Yaya, ba kowane jini ba ne sanyi

Labarin kusan iri ɗaya ne a ɗakin duba mata. A tambayi mace yaushe jinin ya fara, ta sunkuyar da kai ta ce ya kai shekara, wata ma shekara biyu. To me kika yi a kai? "Na ɗauka sanyi ne." Ta sha na kemis, ta sha na masu talla da lasifika, ta yi tsarki da ruwan bagaruwa, ta yi matsi iri-iri. Sai da ruwa mai wari ya hana ta shiga mutane, ƙugu ya riƙe, sannan aka kawo ta. A lokacin sankarar bakin mahaifa ta riga ta yi nisa.

Don Allah iyayenmu da yayyenmu mata, ku daina kiran komai sanyi. Jini bayan kwanciya da maigida ba sanyi ba ne. Jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jinin da ya dawo wa macen da ta daina haila, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk ba abin rufewa ba ne. Wata takan aika a tambayo malam ko istihala ce, ta ji hukuncin sallarta, shi ke nan ta zauna. Tambayar ta yi kyau, amma malam hukunci ya ba ki, bai duba bakin mahaifarki ba. Ki yi sallarki, ki kuma zo asibiti.

A shekarar 2020 kaɗai, an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu. Abin da ke ƙona rai shi ne cutar tana ba da lokaci. Ƙwayar cutar HPV da ke haddasa ta, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ga mai raunin garkuwar jiki kuma shekara 5 zuwa 10. Duk tsawon wannan lokaci ba ciwo, ba jini, ba komai. Shi ya sa gwajin na masu lafiya ne. Wadda ta ce sai ta ji ciwo za ta zo, ta bar damina ta wuce kafin ta yi shuka.

Gwajin da aka fi samu a asibitocinmu ana kiransa VIA. Ki kwanta, ma'aikaciya ta sa ɗan ƙarfen da ke buɗe gaba, ta shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya. In akwai wurin da ya fara lalacewa, zai yi fari. Ba yanka, ba allura, kuma a nan take za a gaya miki sakamako. Ki ce mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne. Wasu wuraren suna da gwajin ƙwayar HPV, wanda ya fi gano matsala, har mace kan iya ɗibar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga.

In an ga fari, ba a ce kina da sankara ba. Ku riƙe wannan, domin a nan wasu ke tsorata su gudu, su koma wa matsin nan dai. Ƙaramin tabo ana ƙone shi da wata 'yar na'ura mai zafin digiri 100, a ɗora kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sau da yawa a ranar da aka yi gwajin. In tabon ya yi faɗi ko ya shige ciki, sai a tura ki babban asibiti a yanke wurin da waya mai lantarki. Mahaifa tana nan, haihuwa tana nan. Ina wannan, ina zaryar gashin sankara da na'ura zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja, da sayar da gona da dabbobi?

Bayan an ƙone tabon:
- Ruwa zai riƙa zuba har kusan mako huɗu, ba matsala ba ce.
- Mako huɗu ba kwanciya da maigida, ba matsi, ba cusa komai.
- Zazzaɓi, wari, jini mai yawa ko ciwon mara mai tsanani, ki dawo a ranar.
- Bayan wata 12 ki dawo a sake dubawa, ko da kina jin garau.

Maigida, hutun mako huɗun nan a hannunka yake. Ka ba ta izini, ka ba ta kuɗin mota, kada kuma ka zarge ta. HPV ta yaɗu sosai, namiji yana ɗauke da ita bai sani ba, don haka in gida akwai mata biyu ko uku, duka a kawo su.

Mu ma ma'aikata da laifinmu. Mace ta ce tana ganin jini bayan saduwa, a rubuta mata maganin sanyi ba tare da an sa ƙarfe an leƙa ba, wannan sakaci ne. Mai kemis, in mace ta dawo maka karo na biyu da kuka ɗaya, ka tura ta asibiti. Wadda aka samu da tabo kuma a rubuta lambar wayarta a rajista, in ba ta dawo ba a neme ta.

Daga shekara 30 kowace mace ta fara gwaji, in VIA ne a maimaita duk shekara 3. Mai ɗauke da HIV ta fara tun tana 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata kusan sau shida. 'Yan mata kuma akwai rigakafin HPV da Najeriya ta fara bayarwa ga masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, allura ɗaya, kyauta, kuma ba ta hana haihuwa. Ki tambayi nas a asibitin da kike zuwa awo wace rana suke gwajin. In ba sa yi, ta rubuta miki takarda zuwa inda ake yi.