Waiwaye: Yadda aka sa Linux zama da abokin zama a kwamfuta guda

Injin da ke yanka ƙarfe a masana'anta bai san "ɗan jira ni" ba. Da zarar ya aiko da kira cewa wuƙa ta kai iyaka, dole kwamfuta ta amsa cikin ƙayyadadden lokaci, ko aiki ya lalace. Ita kuwa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, an gina ta ne don ta raba lokaci tsakanin ayyuka masu yawa. Takan amsa da wuri, amma ba ta ɗaukar alkawari. Daga nan matsalar ta samo asali.

A tsakiyar shekarun 1990, Victor Yodaiken da Michael Barabanov, a wata cibiyar fasaha da ke jihar New Mexico ta Amurka, suka fito da RTLinux. Dabararsu ita ce a shimfiɗa wata ƙaramar ƙwayar manhaja a ƙarƙashi, ita ke riƙe da ragama, Linux ɗungurungum ta koma aiki mafi ƙarancin daraja, ba ta motsawa sai ayyukan gaggawa sun huta. A Italiya ma Paolo Mantegazza na jami'ar fasaha ta Milan ya bi irin wannan hanya da tasa manhajar mai suna RTAI.

Sai dai a 1999 Yodaiken ya sami takardar mallakar wannan dabara a Amurka, abin da ya jefa masu aiki da manhajar kyauta cikin zulumi. Don samar da wata hanya daban, a 2001 Karim Yaghmour ya wallafa tsarin Adeos, Philippe Gerum kuma ya rubuta shi, ya fito a 2002.

Nan ne, a ganina, hikimar take. Adeos bai mai da Linux baiwar wata ƙwaya ba. Kowace babbar manhaja yanki ce mai zaman kanta, an jera su a layi bisa fifiko, kamar bututu. Kira na shigowa daga na'ura, na gaban layi ke fara ji. In ya gama sai ya miƙa wa na baya. Idan Linux ta ce kada a dame ta, ba a toshe kiran a zahiri: ana ajiye mata shi har ta shirya, yayin da na gabanta ke ci gaba da amsawa. Tambayar duka ta koma guda ɗaya, wa ke fara jin kira? RTAI ta rungumi tsarin, haka ma Xenomai, wata manhajar ayyukan gaggawa wadda ta haɗu da RTAI a 2003 suka rabu a 2005.

Zama biyu na da tsada. Duk lokacin da Linux ta sabunta, sai an sake ɗinka facin da ke haɗa ta da ƙaramar ƙwayar da hannu, kuma direbobin na'urori, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa su, sukan buƙaci a rubuta su daban. Shi ya sa Ingo Molnar da Thomas Gleixner da abokansu suka ɗauki doguwar hanya, wato gyara Linux ɗin kanta ta iya cika alkawarin lokaci. Bayan kusan shekara 20, aikin nasu, PREEMPT_RT, ya shiga Linux 6.12 a 2024. Xenomai dai ba ta ajiye ƙwaya biyu ba. Ta maye gurbin tsohon bututun da sabo mai suna Dovetail.