Elpidio Valdés da Yaƙin Neman 'Yancin Kyuba

Elpidio Valdés fim ne na zane mai motsi wanda ɗan ƙasar Kyuba Juan Padrón ya shirya, aka fitar da shi a 1979 ƙarƙashin hukumar fina-finai ta ICAIC, kuma shi ne dogon fim na farko irinsa da aka yi a ƙasar. An shirya shi domin yara da iyayensu, amma labarinsa kacokam a kan yaƙin da mutanen Kyuba suka yi da Sifaniya domin kuɓuta daga mulkin mallaka aka gina shi. Jarumin, wanda fim ɗin ya ɗauki sunansa, ƙirƙirarren kanar ne a rundunar 'yan gwagwarmayar da ake kira mambises.

Padrón ya fara zana Elpidio a 1970 a mujallar yara ta Pionero, inda ya bayyana a matsayin ɗan rakiya cikin wani labarin da ya shafi Japan, kafin farin jininsa ya sa aka mayar da shi gida aka ba shi nasa labarin. Gajerun fina-finansa sun fara fita a 1974.

Yaƙin da fim ɗin ya jingina da shi ya ɗauki shekara talatin ana yi ana tsayawa. Ranar 10 ga Oktoba 1868 Carlos Manuel de Céspedes ya 'yanta bayinsa a gonarsa ta rake da ke La Demajagua, ya yi shelar tawaye, aka shiga Yaƙin Shekara Goma wanda ya ƙare da yarjejeniyar Zanjón a 1878 ba tare da an sami 'yancin ƙasa ba. Janar Antonio Maceo ya ƙi amincewa da wannan sulhu. An sake gwabzawa na ɗan lokaci a 1879 zuwa 1880, sannan babban yaƙi ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu 1895 bisa shirin José Martí, marubuci kuma jagoran masu neman 'yanci, wanda aka kashe a Dos Ríos cikin watan Mayu na shekarar, jagorancin fagen daga ya rage a hannun Máximo Gómez da Maceo. Rayuwar Elpidio ta bi wannan zango sau da ƙafa, domin a labarin an haife shi a daji a tsakiyar yaƙin farko, ya kuma shiga na 1895 yana saurayi.

Inda fim ɗin ya fi kusantar tarihi shi ne yanayin faɗan kansa. Sifaniya ta tura sojoji wajen 200,000 zuwa tsibirin, da bindigogi na zamani da igwa, yayin da 'yan tawaye, waɗanda da yawansu manoma ne da 'yantattun bayi, suke fama da ƙarancin harsashi, har adda ta sarar rake ta zama makaminsu na farko, suna afka wa abokan gaba da ita a kan dawaki. Padrón ya yi bincike mai zurfi a kan kakin soja da bindigogi da tutocin wancan zamani, shi ya sa mai kallo zai ga hular kaba da fararen tufafin mambises da kakin sojan Sifaniya kamar yadda suke a tsofaffin hotuna, ko da yake dokin jarumin, Palmiche, yana da wayon da ya fi na wasu hafsoshi. Janar Resóplez, babban abokin gaba, mutum ne mai cika baki da saurin fushi wanda kullum dabara take kayar da shi. Akwai kuma Media Cara, ɗan ƙasa da ke yi wa 'yan mulkin mallaka yaƙi don kuɗi, kuma wannan ba ƙage ba ne, saboda dubban 'yan Kyuba sun yi yaƙi a ɓangaren Sifaniya. María Silvia, masoyiyar Elpidio, tana tuna wa mai kallo matan da suka yi jinya da leƙen asiri da safarar saƙonni a yaƙin.

Sai dai fim na yara ba ya iya ɗaukar duk nauyin abin da ya faru. Daga 1896 Janar Valeriano Weyler ya tilasta wa mutanen karkara tattaruwa a garuruwan da soja ke tsare da su, domin a raba 'yan tawaye da masu ciyar da su, inda yunwa da cuta suka hallaka fararen hula fiye da 100,000. Sojojin Sifaniya su ma, yawancinsu talakawan da aka ɗebo da ƙarfi, zazzaɓin shawara da sauran cututtuka sun kashe su fiye da yadda adda da harsashi suka yi. A wurin Padrón barkwanci ne ya rinjayi wannan bala'i, kuma za a iya cewa ya yi adalci da ya ɗora abin dariyar a kan manyan hafsoshi da 'yan kanzaginsu.

Fim na biyu, Elpidio Valdés contra dólar y cañón na 1983, ya kai jarumin jihar Florida domin kawo makamai, abin da ke da tushe a tarihi, tun da ma'aikatan taba sigari 'yan Kyuba mazauna Tampa da Key West suna cikin waɗanda suka fi tara wa Martí kuɗi. Ya kuma shigo da Amurka cikin labarin. Bayan fashewar jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine a tashar jiragen ruwa ta Habana, babban birnin Kyuba, ranar 15 ga Fabrairu 1898 Amurka ta shiga yaƙin, aka sa hannu a yarjejeniyar Faris tsakanin Amurka da Sifaniya cikin Disamba ba tare da wakilin Kyuba ba, kuma jamhuriyar da aka kafa ranar 20 ga Mayu 1902 ta zo da sharaɗin Platt, wanda ya ba Amurka ikon tsoma baki a harkokinta.

Wannan fassara ta tarihi ta dace da ta gwamnatin juyin juya halin 1959 ta Fidel Castro, wadda a bikin cika shekara ɗari da fara tawayen a 1968 ta bayyana kanta a matsayin ci gaban gwagwarmayar shekara ɗari da Céspedes ya fara, kuma hukumar gwamnati ce ta ɗauki nauyin fina-finan. Duk da haka son Elpidio bai tsaya ga magoya bayan gwamnati ba, domin 'yan Kyuba na gida da na ƙetare suna maimaita kalaman barkwancinsa a hirar yau da kullum. Padrón ya sami lambar yabo ta ƙasa a fannin fim a 2008, ya rasu a Habana ranar 24 ga Maris 2020.