Wankan jego

Wankan jego, wanda wasu ke kira wankan biƙi, wanka ne da ruwan zafi da macen da ta haihu take yi safe da yamma, tun daga ranar haihuwa ko washegari har ta yi arba'in. Al'ada ce da ta game ƙasar Hausa, daga Zariya, Kano, Katsina da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram. Idan an ce mace tana jego, ba wankan kaɗai ake nufi ba, har da abincin da ake ba ta, da ɗumama ɗakinta, da ɗauke mata aikin gida. Wannan wanka daban yake da na tsarki, wanda sau ɗaya ake yi idan jinin biƙi ya ɗauke, ko da kwana goma ne da haihuwa. A mazhabar Malikiyya iyakar jinin biƙi kwana 60 ne. Arba'in ɗin jego lissafin al'ada ne.

Tushen al'adar

A fahimtar gargajiya, jikin mai jego ɗanye ne, kuma a buɗe yake, sanyi na iya shigarsa. Zafi ne ke gasa shi, ya fitar da ragowar jini, ya mayar da ciki, ya kawo ruwan nono. Shi ya sa duk macen da ta zo da ciwon baya, ko ciwon mara, ko kumburi bayan haihuwa, abin da tsofaffi za su fara cewa shi ne ba ta gasu ba. Wannan magana ta kumburi tana da muhimmanci, domin a kanta ne gargajiya da asibiti suka fi saɓawa.

Inda ake yi da masu ɗaukar nauyi

A haihuwar fari, mace kan koma gidan iyayenta. Wata tun cikin yana wata bakwai ko takwas take tafiya goyon ciki, wata kuma sai bayan suna ake tafiya da ita wankan gida. Daga haihuwa ta biyu yawanci a ɗakinta take zama, a turo mata tsohuwa daga danginta: kaka, gwaggo, inna, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar. Ita ce za ta hura wuta tun kafin asuba, ta yi wa mai jego wanka a kwanakin farko, ta wanke jariri, ta sa ido a kan abin da ake ci. Ranar da tsohuwar za ta koma ana sallamarta da turmin atamfa, sabulu da 'yan kuɗi.

Itacen wanka a wuyan miji yake, ko matar tana gidansa ko tana gidansu. Shi ne kuma mai sayen kayan yaji, gero, da ƙauri, wato ƙafafun saniya, wani lokaci har da kai, waɗanda ake dafawa kwana uku ko huɗu da haihuwa, a ɗibar wa mai jego, a rarraba saura ga dangi da maƙwabta. Yawancin rigimar jego a kan abu biyu take tashi: ƙarancin itace, da tsawon zaman gida. Miji ya ce arba'in ta cika a dawo masa da iyalinsa, iyaye su ce sai ta ƙara kwana ta yi ƙwari. Tun da tafiya wankan gida ba wajibin addini ba ce, gidajen da suka iya zama da mutane kan tsayar da ranar dawowa tun kafin a tafi.

Yadda ake wankan

Ana ɗora babbar tukunya ko rabin duro a murhu a tsakar gida, a zuba ruwa garwa biyu zuwa uku (garwa tana cin kimanin lita 18). A jefa ganye a ciki ya dahu tare da ruwan, a ware wani damin mai ƙarfi da za a riƙe a hannu. Ganyen da aka fi amfani da shi su ne darbejiya, runhu da tsamiya, gwargwadon abin da ke kusa. Idan ruwa ya tafasa sai a juye a babban baho a kai makewayi.

Mai jego tana zama a kujera 'yar tsugunno. Mai wanka ta tsoma damin ganye, ta ɗaga, ta kakkaɓe shi sau ɗaya ko biyu don zafin ya ragu, sannan ta fyaɗa a baya, da kafaɗu, da ƙugu, da cinyoyi. Wannan kakkaɓewa ita ce gwanintar aikin, kuma a nan ake gane wadda ta iya da wadda ba ta iya ba. Ciki kuwa da tawul ake gasa shi, a matse ruwan, a danna a hankali daga saman cibiya zuwa mara. Idan ruwan ya huce sai ta yi wanka da soso da sabulu. Da yawa suna ƙarawa da zama a cikin ruwan ɗumi mai ɗan gishiri ko bagaruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu, mai jego kan karɓi wankan da kanta. Wasu gidaje daga arba'in sukan koma sau ɗaya a rana har wata uku ko huɗu, musamman a haihuwar fari.

A da, a ƙauyuka da dama, musamman a ƙasar Zazzau, daga wanka sai kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Yau ya yi ƙaranci. A birni ma gas da hita sun fara maye gurbin itace, tawul kuma ya kori ganye a gidaje da yawa.

Abinci

Mai jego ba ta cin abu mai sanyi, ba ta shan ruwan randa. Tuwo da miyar kuka mai yaji, farfesun kaza, gasasshen nama, da yajin jego da aka daka da citta, kimba, masoro, kanumfari, barkono da daddawa, su ne cimarta. Kan gaba kuma kunun kanwa: a surfa gero a wanke, a niƙa da kayan ƙamshi, a jiƙa kanwa a tace ruwanta, a dama kunu da shi har ya yi launin ɗorawa-ɗorawa. Ana kawo shi da zafinsa da zarar an fito wanka. Naman da hutun da yawan shan abu mai ruwa duk suna da amfani ga mai shayarwa, babu mai musun wannan. Matsalar tana cikin kanwar.

Inda ake samun matsala

Ƙuna ce ta farko. Ruwan da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos yana ƙona fata cikin 'yan sakan, ballantana wanda aka sauke yana tafarfasa aka kuma hana sirkawa. An fi ƙonewa a nono, da gaba, da cinya, inda fata ba ta da kauri. Mai jegon da ta zubar da jini da yawa tana iya jin jiri saboda tururi ta faɗa kan bahon, don haka ba a barinta ita kaɗai a makon farko. Wadda aka yi wa tiyata ba a fyaɗa mata ganye ko danna mata ciki, kuma ba a jiƙa wurin aikin sai ma'aikatan lafiya sun ba da izini. Wadda aka yi wa ɗinki a ƙasa ruwan ɗumi ya ishe ta. Mai tsananin zafi na iya ɓata ɗinkin ya buɗe. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu shi ma yana kisa, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari.

Babbar magana ita ce ta zuciya. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a Zariya kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, inda aka ƙiyasta abin yana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari. Sun danganta shi da zafi da kunun kanwa. Kanwa, irin wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da Nijar, cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri, kuma yana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta ƙara wahala. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna abin ya fi haka faɗi: ƙarancin sinadarin seleniyam, rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki suna da hannu, kuma ba a tabbatar wankan shi kaɗai ke jawo ciwon ba. Duk da haka, mai hawan jini ko wadda ta yi jijjiga wajen haihuwa bai kamata ta sha kanwa ba.

Haɗarin shi ne yadda ake fassara alamun. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, tari ya hana barci, mai jego ta kasa kwanciya sai a jingine, sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Wannan ƙara ciwon yake yi. Waɗannan alamu, da zazzaɓi, da jini mai wari ko mai zuba da yawa, da ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, na asibiti ne a ranar, ba sai an yi arba'in ba.

Jariri kuwa ruwansa ɗumi ne kawai, a gwada da gwiwar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankansa na farko zuwa awa 24, a ba shi dakashi, wato nonon farko, kada a matse a zubar, kuma kada a gasa cibiya da tsumma ko tsingaro.

Arba'in

Ranar arba'in mai jego takan yi kitso da lalle, a dama kunu a raba, a yi sadaka. In tana gidansu, a mayar da ita ɗakinta da gara daidai ƙarfin iyaye. Daga nan sai yawon arba'in, ta goya jariri ta zaga dangin miji da nata da waɗanda suka zo barka, ana ba yaro sabulu, kaya ko kuɗi. Lokacin ya zo kusan daidai da mako shida, wato sa'ad da asibiti ke son a dawo a duba uwa, a auna jininta, a yi wa jariri allurar rigakafi ta mako shida. Mata da yawa yanzu da asibitin suke fara yawon.