Lafiyar jiki da kwanciyar hankali bayan dashen ɓargo

Dashen ɓargo magani ne da ake fara kashe ɓargon mara lafiya da kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, wani sa'in har da gashin radiyeshan, sannan a ɗura masa ƙwayoyin da ke haifar da jini ta jijiya kamar dai ƙarin jini. Ko a ɗebi nasa a ajiye a mayar masa, ko a samo na wani, an fi son ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma damar su dace 1 ce cikin 4. Ana yi wa masu kansar jini da masu sikila da waɗanda ɓargonsu ya daina aiki.

Tarihi

Wajajen ƙarshen shekarun 1950 ne likita E. Donnall Thomas ya fara gwada dashen a Amurka, inda ya ɗan karɓu shi ne tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. A 1958 likita Georges Mathé ya yi wa wasu ma'aikatan nukiliya 'yan Yugosilabiya dashe a Faransa, a 1968 kuma likita Robert Good ya yi nasara a jihar Minesota ta Amurka kan wani jariri da ɓargon yayarsa. Thomas ya samu kyautar Nobel a 1990. A wancan zamanin kam tambaya ɗaya ce, zai rayu ko ba zai rayu ba, sai da masu tsira suka yi yawa sannan aka fara kula da wace irin rayuwa suke yi bayan sallama.

Jiki

Sabon ɓargo kan kama cikin sati 2 zuwa 4, amma kwana 100 na farko su ne masu haɗari saboda garkuwar jiki ba ta dawo ba, ɗan zazzaɓi kaɗan ma sai an ruga asibiti. Babban abin da ke raba mai jin daɗi da mai shan wahala shi ne cutar da ake kira GVHD, wato ƙwayoyin wani da aka dasa su ɗauki jikin mutum a matsayin baƙo su far masa. Tana taɓa fata da hanta da hanji, in ta daɗe kuma ido ya bushe kamar an watsa yashi, baki ya bushe har loma ta ƙi wucewa sai da ruwa, fata ta yi tauri. Maganinta irin su prednisone shi ma da nasa, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, barci ya gagara. Ga gajiya da kan kai shekara ko fiye, ga matsalar haihuwa, allurar rigakafin yarinta ma sai an sake ta daga farko.

Zuciya

Keɓewa a ɗaki ɗaya sati da sati, kowa ya shigo da takunkumi, ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya koma gida ana ta barka alhali shi gabansa faɗuwa yake duk ranar gwajin jini dan tsoron kar cutar ta dawo. Mai jinya tsayayye, wato wanda zai zauna yana kula da mara lafiyar, na rage wannan sosai, shi ya sa asibitoci da yawa ke sa shi cikin sharuɗɗan dashe, kuma shi kansa mai jinyar yana galabaita, abin da ba a cika tambaya ba. Rashin komawa aiki da bashin magani su ma suna ƙara nauyi.

Ko damuwar da mutum ya shiga dashe da ita tana shafar tsawon rayuwarsa, nan masu bincike sun saɓa.